Tafiyar da Babu Mota a Cikinta

Ni direba ne. Babbar mota na ja tun gemuna bai fito ba har ya yi fari, kuma bokona bai wuce karanta allon kan hanya ba, shi ma sai an rubuta shi da manyan baƙi. A sana'armu in ka ga mutum yana tafiya a ƙasa, to ko motarsa ce ta lalace ko shi ne ya lalace. Sai ga shi da tsufana na ji masu digiri suna shirin hawa jirgin sama takanas, su je wata ƙasa don su yi tafiyar ƙafa.

A Kuala Lumpur ne, unguwar Wangsa Maju, gidan ɗana da ke karatun dakta, ba na allura ba, na takarda. Ya ɗauko ni daga Kano a cire mini yanar ido. Aka cire, na warke, na yi kunnen uwar shegu da maganar komawa.

Shi ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ma hira. In muna ɗaki ɗaya, shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon fanka. Matarsa kuwa suruka ce, daga durƙuso da "Baba an tashi lafiya" babu ƙari. Saboda haka duk maganar gidan ta bakin jikata take bi, 'yar firamare mai bakin tsiya, wadda Hausarta ta sha ruwan Turanci har ta salance. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho.

An gayyaci ɗan nawa taron malamai a Siwizalan, lokacin zafinsu. Surukata ta gama nata karatun ke nan, ta ce za ta bi shi ta ga duwatsun nan masu hular ƙanƙara. Ita ta tsara komai, ta matse shi kamar mai tatsar ƙuli. Ba hayar mota. Jirgin ƙasa, bas, wani akwati da ake ratayewa a waya kamar shanya, sauran kuma ƙafa. Kwana a ɗakin haɗaka mai gado bisa gado. Amarya da ƙannenta za su zauna wurin maƙwabciya, wata 'yar Jos. Ni ban ji an ambaci inda za a ajiye ni ba.

Sai na jefa dutse a rijiya in ji zurfinta.

"Amarya, gaya wa babanki in an je can ni zan ja motar."

Yarinya ta je ta dawo, alhali uban yana zaune bai fi taku biyu da ni ba.

"Ya ce babu mota lah, tsoho. Da ƙafa ake zuwa."

Wannan "lah" ɗin na mutanen garin ne, a wutsiyar kowace magana suke liƙa shi. Na ce, "Ce masa ƙafar ma biyu gare ni."

A nan ɗan wani zai ce, Baba, ba da kai za a je ba. Nawa ba zai iya ba, kuma na san ba zai iya ba, ni na raine shi. Ba dutse nake son gani ba. Me direba zai yi da dutse, abin da ya ci mana birki shekara da shekaru? Abin da ba na so shi ne a miƙa ni ga maƙwabta tare da yara kamar kyanwar gida. In kuwa za a bar ni, to ya buɗe baki ya faɗa.

Maimakon ya faɗa, sai ya shiga ƙara wa dutsen tsawo. Kullum da saƙon da amarya za ta kawo. Wai hanyar a tsaye take kamar bango. Na ce na sauko hawan Kibo da lodin siminti ba birki. Wai babu tuwo. Na ce burodi ya san ni. Wai banɗakinsu babu buta, kuma matan Turawa da gajeren wando suke yawo. Na ce buta zan tafi da tawa, idon kuma ai shi ya biya aka gyara mini. Har na sa ya kai ni titin kasuwarsu, Jalan Tuanku Abdul Rahman, ya saya mini rigar sanyi, ina gwadawa ina gumi, yana tsaye kamar an aiko masa da rasuwa.

Daga nan ya fito da babban makami. Duk mai zuwa sai ya saba da hawa, don haka an daina shiga lif. Gidan kuwa can ƙololuwar bene yake. Surukata dama kullum da safe tana hawa da sauka cikin kambas, fuskarta fes da murna.

Ranar farko tun ba a je ko'ina ba na zauna a matattakala ina huci kamar tsohuwar motar roka. Wata tsohuwa 'yar Sin ta wuce ni da cefanenta, ta waiwayo ta ce, "Boleh?" wato zan iya kuwa? Amarya ta ruga sama tana shela: "Tsoho ya mutu a hanya!"

Kashegari na gano dabara. In na ga ba kowa sai in faɗa lif, in sauka saura hawa ɗaya, in yayyafa ruwa a goshi da ƙeya, in ƙarasa ina salati. Labari ya kai wa ɗana cewa tsoho kullum ƙarfi yake ƙarawa. Ina ƙiba, yana ramewa. Na buga waya tasha na ce wa tsofaffin abokaina su fara kirana ɗan Turai.

Amarya ce ta kama ni. Lif ya buɗe, ga ta da kayan makaranta, ga ni da gorar ruwa a saman kai.

"Zan saya miki alewa."

"Ba ka da kuɗin nan, tsoho."

Ashe ta kai labari. Da safe na sauko na tarar da ɗana da kansa a gindin bene. Ya dubi bango ya ce, "Yau tare za a hau." Na ɗauka ranar zai faɗa. Bai faɗa ba. Ya bi bayana, taku bayan taku. Yana jin numfashina, yana jin gwiwata tana ƙara kamar ƙofar langalanga, bai ce a huta ba. Ni kuma ko zan mutu ba zan nemi hutu a gabansa ba. Mun kusa kaiwa na ji ƙas, sai ga ni a ƙasa, hula a wani hawan.

Likita ya ce jijiya ce ta tsinke, sai kwanciya, kuma dole wani ya zauna da ni. A asibitin wani abokin karatunsa ya zo dubiya, da na ce ƙafa ta hana ni Turai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ko biza ba a nema mini ba, kuma mai zaman baƙunta irina sai ya koma ƙasarsa ake ba shi. Kowa a gidan ya sani, har amarya.

Taro ba ya jiran kowa. 'Yar Jos ta ce ita yara ta karɓa, ba tsohon da ake ɗagawa ba. Ɗana ya tafi shi kaɗai. Surukata ta kwance jakarta.

Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. Kullum za ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ya ƙafa?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Likita ya ce a riƙa takawa."

Sai ta ajiye kwanon abinci a kan tebur, can nesa da gado, ta buɗe murfin don ƙamshi ya iso ni, ta fita. Yau tebur yana tsakiyar ɗaki, gobe ya matsa jikin taga, jibi yana falo. Surukin kirki kuwa ba ya ce wa matar ɗansa miƙo mini tuwo. Na kira amarya, ta ce tana aikin makaranta. Haka zan sauko, in dafa bango, in ja gindi inda bango ya ƙare, in isa tuwon ya huce.