Tiyon Subiyata

"Wallahi Yaya, da ruwan zafi da khal zan wanke miki shi, har cikin tiyo."

Alƙawarin ƙanin mijina ke nan, ranar da ya ari tankin da nake haɗa subiya, abin shan nan na sha'ir, saboda sunan ɗansa. Ya dawo da shi yana sheƙi, yana ƙamshi. Na jiƙa sha'ir, na haɗa sabuwa, na raba wa maƙwabtana na unguwar Bani Harisa don buɗa-baki, kamar kowane azumi.

Bayan magariba sai ga Khala Zainabu, tsohuwar da ke jikin gidanmu, riƙe da kofi. Ta rage murya: "'Yata, wannan subiya ce kuwa? Warin nan bai yi kama da halal ba. A garin Manzo?"

Na zare tiyon, na tsaga shi da wuƙa. Funfuna ce baƙa ƙirin da ragowar tsohuwar subiya. Ita ta tsimar da tawa har ta wuce haddi.

Na kira ƙanin mijin nawa. Ya ce, "Ai na ɗauraye, Yaya, har ruwan wardi na zuba. Ma'alesh."

Ma'alesh, wai a yi haƙuri! Shi ya fesa wa ƙazanta turare, ni ake raɗa da sunana a unguwa.

Na ba shi zuwa la'asar ɗin Juma'a ya bi gidajen nan ya faɗi gaskiya da bakinsa. In ya ƙi, zan ɗora tiyon nan a faranti in ajiye tsakiyar sufrar surukata, shimfiɗar da ake cin abinci, gaban 'yan'uwansa duka.

Ku faɗa min in na tsananta, amma ba zan fasa ba.