Anti Hanatu, Wadda Ta Hana a Fasa Magani Kamar Goro

Kafin masu koko su sauke tukunyar farko a Zangon Salaga, Anti Hanatu ta riga ta wuce. Kowa ya san tafiyarta: jaka a hammata, farin mayafi a kan rigar aiki, tana gaisuwa ba ta tsayawa. Tana isa asibiti sai ta jawo benci ta kai shi inuwa, don ta ce ba a barin tsoho a tsaye. Sannan ta buɗe tagar ba da magani. Ba ta ce wa mutum "sau biyu a rana." Cewa take yi, "Baba, wannan bayan Asuba, wannan bayan Isha. In ka manta da ita, to salla ka manta." In Bagwanje ne ta faɗa masa da Gwanjanci, in Badagwambe ne ta juya harshe, kuma ba ta sakin ƙullin maganin sai ya maimaita mata.

Mai wannan magana ba yaro ba ne. Na kora shanu da ƙafa daga Bawku har Kumasi, yunwar tamanin da uku ta same ni ta bar ni a tsaye, ban taɓa zama a aji ba, kuma ba a haifi wanda zai cuce ni a ciniki ba. Yabona ba shi da arha. Amma da na ji a watan nan za ta ajiye aiki ta koma gida Bawku, na ce ba za ta tafi shiru ba.

A Bawku ta fara, aka kai ta Yendi, daga nan aka kawo mana ita. Tana Yendi aka shigo da tsarin nan na kash-an-kari, wato sai ka biya kafin a miƙo maka magani. Atikatu mai tuwo a bakin asibitin can ta gaya mini da bakinta cewa idan tsohuwa ta ji farashi ta juya za ta tafi, Hanatu kan ce, "Mma, zauna tukuna." Sai ta rufe taga, ta koma wurin likita ta tsaya masa a ka har ya canza maganin da wani mai sauƙi da ke aiki iri ɗaya. Likitoci sun yi ta fushi da ita. Ba ta fasa ba.

Amma abin da ya sa na ɗaga mata hula, a nan Salaga ya faru, a shekarar casa'in da takwas.

Baba Zibrim tsohon maɗinki ne, hawan jini ya kama shi. A lokacin gwamnati ta ce wanda ya kai shekara saba'in a sassauta masa kuɗin magani, shi kuwa ya haura saba'in, don haka yana karɓar ƙwayarsa a hannun Hanatu ba wahala. Sai dai duk zuwan da ya yi, jinin yana nan sama. Har hannunsa na dama ya fara nauyi, almakashi na kuɓuce masa yana cikin yanka. Hanatu ta san abin da ke biyo bayan wannan: shanyewar jiki. Maɗinkin da hannunsa ya mutu kuwa, aikinsa ya ƙare.

"Baba, kana sha kuwa?"

"Kullum bayan Asuba, 'yata. Tambayi kowa."

Ba ƙarya ya yi ba, ƙwayoyin na ƙarewa daidai lokacinsu. Abin ya dame ta. Wata safiya ta bar hanyarta ta bi ta gaban shagonsa. Ta tarar da shi zaune da amininsa Baba Wahabu, tsohon soja, sun dawo daga masallaci. Tana kallo Zibrim ya ciro ƙwayar, ya sa farce ya fasa ta gida biyu, ya miƙa wa Wahabu ɓari ɗaya da hannu biyu, ya ce, "Bismilla."

"Innalillahi! Baba, me ke nan?"

Zibrim ya ce, "Kansa na ciwo ne, kunnensa na ƙara kamar nawa."

"Wannan ba goro ba ne!"

Zibrim ya ɗaga sauran ɓarin ya nuna mata. "Duba, ga tsaga a tsakiya. Wanda ya yi ta ma ya san za a raba. 'Yata, tun muna samari ban taɓa kai abu baki Wahabu na kallo ba. Yanzu da furfura zan fara?"

Da wata ce, da ta hau su da faɗa ta wuce. Hanatu ta gane faɗa ba zai yi ba. Ko rantsar da Zibrim aka yi, gobe sai ya fasa. Abin da zai ceci hannunsa shi ne Wahabu ya samu nasa. Ta juya ta ce, "Baba Wahabu, ka zo a auna ka. Kai ma ai ka kai saba'in."

Ya miƙe zumbur. "Wa? Ni? Saba'in ta masu sanda ce. Sittin da biyu gare ni, yarinya. Je ki nemi tsofaffinki."

Ba shi da takardar haihuwa, kamar yawancinmu, sayen magani kuwa ya fi ƙarfinsa, kuma gara ya faɗi a hanya da a kira shi tsoho. Ta bar shi. Da aka kwana biyu ta sake biyowa, ta gaishe shi, ta ce kamar ba komai, "Jiya muna hira, Dokta ya ce shi bai yarda an taɓa samun ɗan Salaga da ya je Yaƙin Bama ba."

Da hantsi sai ga Wahabu a asibiti, lambar soja a ƙirji. Ina kan benci ran nan, na raka maƙwabcina, ba ni aka zo dubawa ba. Hanatu ta fito da Dokta bakin ƙofa. Wahabu ya fara daga jirgin ruwa, ya shiga daji, ya kwatanta ruwan saman da ba ya ɗaukewa, ya ɗaga riga ya nuna tabo. Ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Shekarunka nawa ma?"

"Sittin da biyu."

"Yaƙin nan a arba'in da huɗu aka yi shi. Ashe kana ɗan shekara takwas ka tafi. Goya ka aka yi, ko Sajan ne ke ba ka koko?"

Benci ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗaya dai ba gaskiya ba ne, Baba, ko yaƙin ko shekarun. Ka zaɓa, Dokta na jira."

Wahabu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, jijiyar wuyansa ta tashi. "Yaƙina ne ƙarya? Ni? Dokta, tamanin gare ni!"

"Saba'in ma ta isa, Baba."

"Na ce tamanin!"

Nan take aka ɗaura masa abin awo. Nasa jinin ya ma fi na Zibrim hawa. Aka rubuta masa irin ƙwayar abokinsa. Da ya zo taga, Hanatu ta riƙe ƙullin ta ce, "Iri ɗaya ce. In kuna so, kai ka miƙa masa taka, shi ya miƙo maka tasa. Amma wanda ya sa farce, ni da shi ne." Haka suke yi har yau bayan Asuba: kowa ya ba ɗan'uwansa guda sukutum, su ce bismilla, su haɗiye.

Ke ce, Hanatu, kika san tsoho ba ya barin girmansa a bakin taga, kika nemo masa hanyar shiga da shi. Gwamnati ta faɗi magana daga nesa, ke kika kai ta har maƙogwaron mai ciwo. Mun gode, mu na Salaga, da na Yendi, da na Bawku da za su karɓe ki. Allah ya ba ki tsufa mai lafiya, ya haɗa ki da masu haƙuri irin naki.

Ku kuma yaran da za ku gaji tagar nan, kada ku miƙo ƙulli kuna kallon wani wuri. Ku tambayi tsoho yadda yake sha, da wa yake sha. In ya yi gardama kada ku kore shi, ku bi shi har inda yake zama.

Anti Hanatu, rigar da za ki sa ki hau lori, Baba Zibrim ne ya yanka ta ya ɗinka da hannun nan nasa na dama. Ki duba ɗinkin da kyau. Ba inda ya karkace.