Birkin Bayan Motar Yaya

Yayana ya fara tuƙa a-kori-kurar nan tun lokacin da nake saɓa buhun gero ban yi ko nishi ba. Yanzu kuwa kwandon gyaɗa ma in na ɗauka sai bayana ya kwana yana yi mini mita. Motar ta tsufa tare da mu. Fentinta ya koma launin ƙasar hanyarmu, ƙofar fasinja da igiya ake riƙe ta, amma ita ke kai hatsin ƙauyenmu kasuwar Ɗambatta, ita ke ɗauko taki, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Ni ne mai yi masa lodi, kuma ni ne mai shan faɗansa.

Birkinta na baya irin na da ne, wanda ke rufe cikin wata ƙwarya ta ƙarfe da makanikai ke ce wa diram. Da damina, in mun tsallaka rafin da ke bayan gari, ruwa da taɓo sai su cika shi ya daina kamawa. Yaya ya san halinsa sarai. Tun daga nesa yake fara taka shi, ya saki, ya taka, ya saki, sannan ya danne da iyakar ƙarfinsa har sai ya ɗaga daga kujera. Haka ya yi shekara da shekaru, har ƙafar ta daina jiran umarninsa.

Wata rana a ƙarshen damina mun fito daga rafin sai ga amalanken maƙwabcinmu a tsakiyar hanya. Yaya ya yi duk abin da ya saba, motar ta ƙi ji, sai da ta daki bayan amalanken ta karya shi. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma da la'asar 'ya'yan Yaya suka taru a zaure, aka kira ni a matsayin ƙanin uba. Babbansu, wanda ke jan bas tsakanin Minjibir da Kano, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, don Allah ka huta haka nan. Ka ba ni makullin, ni zan riƙa kai kayan."

Yaya ya ce, "Ba ni na tsufa ba, birki ne ya tsufa. A sa mata irin na motocin yanzu, mai faifai. In an sa na kasa tsayar da ita, da hannuna zan miƙa maka makulli."

Aka tsaya a kan haka. Ni dai na san duk wanda ya yi nasara, wahalar a kaina za ta ƙare.

Wani bakanike a Bacirawa ya karɓi aikin. Mutum ne mai haƙuri, ba ya yawan magana, ya kuma gaya mana tun farko cewa ba a ƙera motar don wannan birkin ba, sai an yi dabara. Muka shiga kasuwar kayan gyara a Kano muka samo faifai na hannu daga wata mota da aka yanka. Da aka gwada, ramukan ƙusoshi suka ƙi haɗuwa da na ƙafar motar. Muka mayar, muka canzo. Wannan ya zauna, amma babu inda za a ɗaura abin da ke matse faifan, sai da mai walda ya yanko ƙarfe ya ƙera masa mazauni. Aka ɗaura, ya karkace, aka cire. Sai bututun man birki ya gaza tsawo. Kullum da safe mu hau bas, da yamma mu dawo da baƙin mai a riga, gyaɗata kuwa tana can a gona ta isa cira, ƙasa tana bushewa a kanta. Na gaji har na daina amsa wa masu tambaya ko motar ta tashi.

Bakaniken ya ce birkin hannu ba zai ƙara aiki ba. Yaya ya ce wannan ba labari ba ne, da ma guntun icce muke sa wa a ƙarƙashin taya tun kafin a haifi mai maganar.

Ranar da aka zo fitar da iska daga bututun, Yaya ya shiga ya zauna a kujerarsa, bakaniken yana kwance a ƙasa yana kira: "Taka! Saki! Taka! Riƙe!" Ban taɓa ganin fara'arsa kamar ta wannan yinin ba, domin aikin da ƙafarsa ta fi iyawa a duniya ke nan. Da aka gama, bakaniken ya fito yana goge hannu ya ce, "Baba, wannan ba ya son faɗa fa. Taɓa shi kawai za ka yi, zai ji."

Yaya ya ce, "Ni za ka koya wa birki?"

A kan kwalta mun zo lafiya, sai dai na bugi gilashi da goshi har na daina ƙorafi. Da muka sauka hanyar ƙasa, tumaki suka tsallaka gabanmu can nesa. Ƙafar Yaya ta yi abin da ta saba, ta danne. Tayoyin baya suka ƙame, bayan motar ya juyo ya wuce gabanta, muka tsinci kanmu cikin karan dawar wani muna kallon inda muka fito. Na fita na tura, muka ƙarasa gida a hankali.

Yaya bai yarda ya kasa ba. Bayan gari akwai fako inda ake sussuka, can ya riƙa ja na kowace yamma. In kafa damin kara a tsakiya, shi kuma ya taho ya tsaya a gabansa. In yana tunanin abin, yakan tsaya daidai. Amma da na ɗaga hannu ba zato, ko akuya ta gifta, sai ƙafar ta riga shi, motar ta ja ƙasa ta karkace. Na yi masa faɗa, na yi masa ba'a, na ce ya cire takalmi ko zai ji feda da tafin ƙafa. Ya cire. Ba abin da ya sake. Wallahi tausayinsa ya kama ni, ga haushi, ga gajiya, ga gyaɗata da sai da na sa fartanya na tone ta ɗaya-ɗaya.

Wata yamma babban ɗan nasa ya zo fakon ya tsaya a gefe yana kallo. Yaya ya sake gwadawa, ya ture damin. Ya daɗe a zaune inji yana ƙara. Sannan ya fito ya bar ƙofar a buɗe ya ce, "Shiga mu gani." Ɗan ya shiga, ya zagayo, ya tsaya a gaban damin shiru, ko ƙura bai tayar ba.

Yaya ya ce, "Birki ya yi kyau." Da ɗan ya miƙo masa makullin, bai karɓa ba.

Ranar kasuwa muka yi lodi kamar kullum. Ɗan yana tuƙi, ni a tsakiya, Yaya a gefen fasinja yana riƙe da igiyar ƙofa. Bai yi faɗa ko sau ɗaya ba, ni kuwa da ma ya yi. Da muka doso gangaren rafin, sai na ji wani ƙwanƙwasa a ƙasa na duba. Ƙafarsa ta dama ce a kan ƙarfen daɓen motar, inda babu komai, tana takawa tana saki, tana takawa tana saki. Na juya fuskata wajen gonaki don kada ya san na gani.