Gidan da Aka Hana Kafa wa Ƙusa

Maigidana mai fenti ne, kuma duk matar da ta zauna da mai fenti ta san wani lokaci bango ya fi ta daraja. Ni a Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Shi kuwa yana ɗan shekara shida aka taho da shi daga ƙasar Katsina, a ƙasa, ta Sudan. Ya girma a nan, ya sami takardar zama ɗan ƙasa, Larabcinsa har ya fi Hausarsa gudu, amma kullum maganarsa ɗaya ce: wata rana za mu koma gida. Gidan nan da yake faɗa kuwa, abin da yake tunawa bai wuce wata rijiya da akuyar kakarsa ba.

Da muka gaji da zaman haya ya ce zai sayi gida, na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ashe ni kaɗai nake ganin wurin zama. Shi haja yake nema, wadda za ta yi tsada ya sayar, ya kwashe mu mu tafi.

Gida biyu dillali ya kawo. Ɗaya a unguwar Waziriyya, mai sauƙi, kuma ba nisa da mahaifiyata. Ɗaya a Bani Malik, wadda a lokacin bakin gari ce, in ka wuce mu sai rairayi da awaki, ruwa ma sai mai amalanken jaki ya ga dama. Ni Waziriyya nake so, na kuma faɗa ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Uwar yara, garin nan arewa yake tafiya. Ni ake kira in shafa wa sababbin gidaje fenti, na san inda ƙafata take yawan zuwa. Wanda ya sayi Bani Malik yau, gobe shi za a roƙa."

Ranar da za a ƙulla ciniki ina bayan labule ina jin su. Maigida ya gyara murya ya tambayi dillali nawa ne harajin gidan a shekara. Dillali ya ce babu. Ya sake tambaya da Larabci, ko Hausar ce ba ta shiga ba. Dillali ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, wallahi mafi haraji, babu shi sam. Ka biya kuɗin takardar gida, ka ba ni la'adata, halas, shi ke nan." Maigida bai yarda ba, domin akuyar nan ta kakarsa saboda haraji aka sayar da ita, yana kallo yana kuka. Bayan dillali ya fita ya ce mini hukumar da ba ta karɓa yau, tarawa take yi. Saboda haka ya ƙara son gidan, don shi ne ya fi ƙanƙanta a layin, wai ranar da masu haraji suka zo, manyan za su fara gani. Har ya bar duniya ba su zo ba, amma duk mai farar riga da jaka da ya bi ta layinmu sai ya bi shi da ido.

Muka tare. Tun ranar farko ya kafa doka: ba a kafa ƙusa a bango. Mai saye, in ji shi, bango yake fara dubawa, kuma ramin ƙusa ko an toshe shi, ido mai sani yana gani. Ɗakin baƙi, wanda ya fi kowane iska, aka kulle shi, sai ranar Idi. Girki kuwa a tsakar gida, a kan risho, kada hayaƙi ya taɓa rufi. Yaranmu suka tashi suna tafiya a tsakiyar ɗaki hannu a naɗe, kamar waɗanda suka je gaisuwa gidan surukai. Danshin Jidda ba ya barin fenti ya kwana lafiya, to duk shekara kafin zafi ya yi tsanani sai ya kwashe mu waje ya sake shafe gidan tas.

Abin da ya fi ci mini rai madubina ne. Babba ne, mai katako a gefe, mahaifiyata ta saya mini da aure. Tun da ba ƙusa, a ƙasa yake jingine da bango, da tsumma a bayansa don kada ya goge fenti. In zan ɗaura ɗankwali sai na durƙusa. In na tsaya, daga gwiwa zuwa ƙasa kawai nake gani. Shekara goma sha ɗaya na yi a haka, babu matar da ta kai ni sanin ƙafafunta.

Ana dariya, amma ni tsoro nake ji. Duk sallamar da aka yi a ƙofa da muryar da ban sani ba, sai in leƙa in ga ko mai saye ne. Ban san kowa a ƙasar Katsina ba. Mahaifiyata tana nan, ƙawayena suna nan, yarana ko Hausar kirki ba sa mayarwa, sai dai su ji. In gidan nan ya sayu, rayuwata ce za a naɗe a sa a jirgi.

To ni ma ban zauna haka ba. Masu saye sun zo sau uku, kowanne da matarsa, domin ba mai sayen gidan zama bai nuna wa matarsa ba. Maza na ɗakin baƙi suna yaba bango, ni ina ciki da matar ina zuba mata shayi da na'ana'a. Ba na ƙarya, Allah ya sani. Sai dai in ta tambayi sauro, in ba ta labarinsa dalla-dalla. In ta tambayi ruwa, in faɗa mata makon da jakin mai ruwa ya yi ciwo. Washegari dillali ya zo ya ce sun fasa, maigida ya yi ta mamakin mutanen da ba su san gida mai kyau ba. Ni kuwa in taya shi jimami, in ƙara masa nama a miya.

Sai kuɗin man fetur suka yi ambaliya a ƙasar. Maganarsa ta tabbata, na ba shi wannan. Gari ya iso mu ya wuce, aka shimfiɗa kwalta, benaye suka tsaya inda awaki suke kiwo. Wata rana dillalin nan, ya tsufa har da sanda, ya zo yana haki ya ce ya samo mai saye na gaske, kuma kuɗin da ya ambata sai da maigida ya nemi wuri ya zauna. Kwana uku yana fenti. Ni kuma na sayo na'ana'a, na shirya labarin sauro.

Mutumin ya zo da hantsi a doguwar mota. Ba mace a ciki. Ina leƙe ta taga, ban ga wadda zan zuba wa shayi ba. Wani da ya zo da shi ya fito da igiyar awo, ya auna gaba, ya auna gefe, duk daga waje. Maigida yana tsaye a ƙofa da sabuwar riga, ya buɗe ɗakin baƙi, turare na tashi. Ya ce, "Tafaddal, shigo ka ga ciki. Bangon nan ko ƙusa ɗaya ba a taɓa kafa masa ba."

Mutumin ko gilashin idonsa bai cire ba. Ya ce, "Ba sai na shiga ba, ya ammi. Fili nake saye. Wannan rushe shi za a yi, bene zan ɗora. Yalla, mu gama, kuɗin rushewar ma ni zan ɗauka."

Ya faɗa ne a matsayin alheri. Na ga maigida ya juya ya dubi bangon, tun daga sama har ƙasa, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Tausayinsa ya kama ni, har na manta cewa ni ce za a kwasa. Ya ce zai yi shawara. Dillali ya biyo shi yana magiya, maigida ya rufe ƙofa a hankali ya bar su a waje.

Bai ci abincin rana ba. Ya shiga ɗakin baƙi ya zauna shi kaɗai. Bayan la'asar na ji yana bincike a akwatin kayan aikinsa, sai ga shi da guduma a hannu da ƙusa a baki. Ya cire ƙusar ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina yi wa wani gadin gida, ashe shi ko leƙawa ba zai yi ba."

Na ce, "Malam, komawa gida fa?"

Ya ce, "Mu je ziyara in Allah ya nufa. Ɗauko madubin nan."

Na ɗauko. Ya ɗaga shi ya manna da bango, ya ce in tsaya a gabansa, in miƙe sosai, in faɗa masa daidai inda nake so. Na ce ya ɗan yi sama. Ya yi. Na ce ya ƙara kaɗan, ba don bai yi daidai ba, sai don in ga zai yi. Ya ƙara. Sannan ya sa alama da farce a kan sabon fentinsa, ya buga ƙusar har sau huɗu, ɓarɓashi na zuba, yara suka rugo a guje su ga wanda za a yi wa faɗa.

Da ya rataye, na tsaya na kunce ɗankwalina na sake ɗaurawa a tsaye. A cikin madubin na hango shi a bayana, guduma a hannu, yana duba bangon da ke gefe. Ya ce, "Akwai sauran ƙusa. Me kuma kike da shi a ƙasa?"