Koren Tsuntsun Mambila

Mijina malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma a unguwarmu ta cikin birnin Zazzau da abu biyu aka san shi: gaisuwa da kallon tsuntsaye. Gaisuwar na saba da ita, duk da in ya fita cefane da hantsi sai azahar ta kawo kai yana can bakin lungu yana tambayar mutane gajiya da iyali. Kallon tsuntsayen ne ya ishe ni. Dattijo da furfurarsa, ya rataya madubin hangen nesa, ya hau guntun ganuwa ya ɗaga kai sama kamar mai neman wata! Maƙwabciyata har ta taɓa ja na gefe ta ce ko a karɓo masa rubutu. Na ce mata ta huta, wannan ciwon ya girmi aurenmu.

Kuma gaskiya na faɗa. Kafin ya aure ni an tura shi koyarwa can tsaunin Mambila. A nan ya ga wani tsuntsu a cikin kurmi, gani ɗaya tak: kore, mai tukku, in ya buɗe fiffike sai ka ga ja. Na sha labarin nan har na haddace. Da ya ɗauko nakan ce, "Malam, in dai koren nan ne, bari in sauke tukunya tukuna."

Sai ido ya fara ba shi matsala. Ya riƙa tuntuɓe da buta, yana gogar bango a lungun da aka haife shi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, gefe-gefen ganin ya tafi, saura ɗan tsakiya, shi ma ba zai daɗe ba. Sai da muka shiga gida ya zauna ya ce, "Hajiya, ina so in sake ganin koren nan kafin idon ya rufe."

Wallahi na buɗe baki zan yi tsiyar da na saba, sai ta maƙale. Na ce, "To, amma ƙafata ƙafarka."

Babban ɗanmu ne ya tuƙa mu. Hanyar nan kada Allah ya maimaita mini! Mota na nannaɗe dutse, ni na runtse ido ina ta salati, Malam kuwa ya manna fuska a gilashi yana murna. Sanyin can bai san atamfa ba, sai da na ɗaura bargo a kan zane. Muka sami wani magidanci ɗan garin da ya san kurmin, ya yarda ya yi mana jagora. Sharaɗinsa ɗaya ne: in an shiga, ba magana, ko tari a haɗiye.

Muka yi ta zuwa kullum da sassafe. Mu zauna a kan kututture a gefen wata 'yar hanyar ƙafa, raɓa na ɗiga mana a ka, ƙafafuna su yi tsami. Muna jin kukansa daga nesa, wani irin gurnani mara daɗi, har na raɗa wa Malam, "Wannan mai muryar kwaɗon muka biyo?" Ya yi murmushi ya ɗora yatsa a baki. Ni da ban taɓa shiru na minti biyar ba, sai ga ni ina tsoron numfashi.

A safiyar da za mu juyo gida ne ya zo. Mai jagoran ya taɓa kafaɗar Malam ya nuna wani reshe, kusa sosai. Ni na gan shi nan take. Malam ya ɗaga madubin yana lalube, domin mai irin idonsa sai ya dace da wurin daidai. Mai jagoran ya kama gwiwar hannunsa yana karkata shi a hankali. Saura ƙiris.

Sai muka ji, "Salamu alaikum."

Wani tsohon Bafulatani ne da sandarsa, ya biyo hanyar, ya ga mutane zaune ya yi abin da ya kamata. Ni na yi kamar ban ji ba. Ɗanmu ya ɗaga masa hannu. Amma Malam, Bazazzagin Allah, wanda tun da aka haife shi sallama ba ta taɓa faɗuwa ƙasa a gabansa ba, sai ya sauke madubin, ya juya, ya amsa da cikakkiyar murya, har da wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bai ma yi tunani ba, bakinsa ne ya riga shi.

Tsuntsun ya tashi. Ya buɗe fiffike ya ratsa ta kanmu, ja zur kamar an watsa zoɓo a cikin ganye, ya shige duhun kurmi. Na ce, "Wayyo Allah!" ban san na faɗa ba.

Tsohon ya tsaya yana tambayar ko lafiya. Malam ya ce lafiya lau, ya tambaye shi shanu, ya tambaye shi sanyi, suka rabu da addu'a. Ni kuwa raina ya ɓaci. Da ya wuce na ce, "Haba Malam! Mu huɗu ne a nan, da wani ya amsa ai ya wadatar!"

Ya ce, "To wa ya amsa?"

Ya daɗe yana juya madubin a hannu, sannan a hankali ya ce, "Ke kin gan shi?"

Na ce na gani.

"Da jan?"

Na ce da jan. Sai hawaye suka zubo masa, ni ma na kasa riƙe nawa. Na ji tausayinsa irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji kunyar idona da ya gani.

Da muka dawo Zariya mutane suka cika zaure da barka da hanya, kowa na tambaya ko an dace. Na zaci zai ce an gani, a wuce wurin. Ina daga bayan labule na ji ya ce, "Ni ban gan shi ba. Hajiya ce ta gani." Ya sa aka kira ni, na tsaya daga ƙofa na ba su labarin, yana gyaɗa kai.

Damina ba ta zagayo ba sauran ganin ya tafi. Yanzu yakan zauna a tsakar gida da safe, in wani abu ya yi kuka a kan darbejiya ya ce, "Hajiya, duba mini." Sai in ajiye tsintsiya in ɗauko madubin. Wani lokaci kuma ba gaira ba dalili ya ce in sake faɗa masa yadda koren ya tashi. Ina faɗa, ba na ƙari ba na ragi, don yana kama ni in na canza ko kalma ɗaya.

Shi bai taɓa ambaton tsohon nan da mugun baki ba, har addu'a yake sa shi a ciki. Ni dai, Allah ya yafe mini, har yau ban iya cewa amin.