Kujerar da Mama ta Ba Mai Bincike

Shagon Mama mai fotokofi yana daf da ƙofar laburaren jami'a, ɗan ɗaki ne mai inji ɗaya da fanka mai tari. A nan furfura ta same ta, da shi kuma ta kai autarta aji biyu. Daga tafiya take gane ɗalibai. Wanda ya ci jarrabawa da hayaniya yake zuwa, wanda ya faɗi kuwa jikin bango yake bi.

Da wani malami ya zo binciken makin ɗalibai, ita ta ba shi kujera a inuwa, ita kuma ta riƙa kira masa mutane.

"Kai, Farfesa, zo ka faɗa wa Malam makinka, ka huta da cika mana baki," ta ce wa wani ɗalibi mai hayaniya.

"Ga wancan ma, Mama," in ji malamin, yana nuna wani mai sunkuyar da kai.

"Bar shi, Malam, sauri yake yi."

Ba ta son a tona asirin ɗan mutane. Auta ma da ta doso, sai ta aike ta sayen takarda, don ta san darasi biyu sun kayar da ita.

Sakamakon binciken malamin ya fito a allon sanarwa: kusan kowa na ci da maki mai kyau. Auta ta karanta, ta sake karantawa.

"Ashe ni kaɗai ce daƙiƙiya," ta ce a hankali.

Washegari ba ta leƙo shago ba. Waya a kashe. Abokiyar ɗakinta ta kawo katin shaidarta, ta ce a kan gado ta bar shi tun safe.

Mama ta karɓi katin ta miƙe. Ta bar inji yana ta aman takarda, ta fita da takalmi wari da wari. Ta duba tasha. Ta ɗaga kai ta dubi saman dogon bene, ta kasa sake dubawa. Can ta tuna inda masu bin bango ke ƙarewa, wato ƙarƙashin matattakalar bayan ɗakin taro.

Wurin cike yake da ɗalibai, kowa da tsohuwar takardar jarrabawa, babu wanda ya taɓa zama gaban malamin nan, don ita ce ba ta kira su ba. Auta na can gefe, ido ya kumbura.

"Mama, ashe muna da yawa."

Mama ta zauna a ƙasa, ta miƙa mata katin. Auta ta karɓa ta rataya a wuya.