Kalmar da Ƙanen Babanmu Ya Kawo daga Ikko

Ɗiyata ce ta dawo daga lakkwal tana haddar darasin ingilishi a tsakar gida, sai na ji ta ce “disambak”. Na tsaya da tankaɗe. Ta ce ma'anarta sauka daga jirgin ruwa, wai kuma Turawan Ingila aro suka yi wurin Faransawa, daga sunan ƙaramin jirgi irin na masuntanmu. Ban gaya mata na riga ta sanin kalmar ba, kuma ba a aji na koye ta ba.

Ka san tafkin Madarumfa da damina, in ya cika ya shanye hanya. Mu da ke ƙetare sai da jirgi muke zuwa kasuwa. Jirgin na mahaifinmu ne, yana warin kifi da kwalta. Da ya rasu, ƙanensa ya dawo daga Ikko, inda ya yi dako a bakin teku, ya ɗauki gorar tuƙi bai shawarci kowa ba. Tsarabarsa kalmar nan ce kaɗai. Duk sa'ad da jirgi ya taɓa gaɓa sai ya daka ta da ƙarfi, yana hura hanci, mutane su yi dariya su sauka.

Wata ranar kasuwa, da ƙuruciyata, muka shiga ni da Inna, tana ɗauke da kwandon tumatir. Mun yi nisa sai ya fara cika baki, yana cewa jirginsa kaza, jirginsa kaza. Inna ba mai magana ba ce, amma ranar ta tanka.

“Jirgin marayu dai, Malam. Amana ce a hannunka.”

Ya kafa gora a laka, jirgi ya tsaya, gaɓa na can gaba. Ya nuna Inna, ya faɗi kalmar. Wannan karon babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya hana. Da dattawa a ciki, da malamin unguwarmu, kowa ya sunkuyar da kai.

Inna ta ɗaure zanenta, ta sauka. Ruwa ya kai mata ƙirji. Ta ɗora ni a wuya, kwandon ya kife, tumatir suka bazu bisa ruwa. Ina jin numfashinta tana cire ƙafa daga laka har muka fita. Ba ta sake shiga jirgin ba har ta bar duniya, sai dai ta zagaya a ƙasa cikin ƙaya.

Yanzu babura ke zagayen, jirgin ya ruɓe, ƙanen babanmu kuma ya makance. Na tsane shi, ban taɓa ɓoyewa ba. Tuwo ina aika masa, don jini ne. Kwanan baya ya turo jikansa, wai in zo mu yafi juna tun yana da rai. Na ce a gaya masa ba ni ya saukar ba. Wadda zai roƙa tana maƙabarta, a kama masa sanda a kai shi.